Kyamarar da Shunpei Ya Ɗaura a Goshi

Wata a cikinku ta rubuto min cewa ba ni da zuciya, wai ina ba da labarin mutumin da yake sona kamar mai karanta hasashen yanayi. Ban musa ba. Shekara tara na yi a Toronto, garin da babu teku, kuma abin da na koyo a can shi ne idan abu ya yi tsawo a yanke. Sana'ata ke nan. A kawo min bidiyon awa uku, in mayar da shi minti huɗu. Sai ku yi haƙuri da ni. Ga abin da ya faru a makon nan.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Kanae, shekarata ashirin da tara, ina zaune a gidan iyayena a wani ƙauyen masunta a gaɓar Miyazaki, a kudancin Japan. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, za ku gane dalili. Mutumin kuwa Shunpei ne, ɗan Osaka, mai surutu kamar duk 'yan Osaka. A cikin wata farar ƙaramar bas yake kwana, a bayan kwatar masunta. Aikinsa hawan igiyar ruwa a kan allo yana ɗaukar kansa da kyamara, wani kamfanin rigunan roba na shiga ruwa yana biyansa. Ni nake yanka masa bidiyon ina haɗawa. Daga nan abin ya faro.

A ƙasan hasumiyar fitilar ƙauyenmu akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse a cikin ruwa. Idan guguwa ta wuce can nesa a teku, igiyar da ta iso kan dutsen nan takan miƙe ta naɗe, ta bar kogo a cikinta wanda mutum zai ratsa a tsaye. Waɗanda suke hawanta ba su kai ashirin ba, kuma Babana ne babbansu. Tun kafin a haife ni yake shiga. Da asuba ya ja raga, da hantsi ya ɗauki allo.

Doka ɗaya gare su a kan kyamara. Ka manna ta a hancin allo tana kallonka, ba mai ce maka uffan. Gaɓa allon yake nufa, ita kuma baya take kallo, ba abin da za ta gani sai fuskarka da ruwa da sama, ruwa da sama kuwa iri ɗaya ne a ko'ina. Amma ba a ɗaura ta a ka. Wadda ke ka kuwa, abin da idonka ya gani take gani: tudu, hasumiya, rufin gidaje. Ƙauyen da ke arewa da mu haka ya ƙare. Wani ya sa bidiyo a intanet, hasumiyarsu ta leƙo na ƙiftawar ido. Yanzu ranar Asabar motocin 'yan birnin Fukuoka ne tun daga kwata har bakin titi, motar kifi ba ta samun hanyar fita.

Shunpei ya san dokar. Shekara uku ya yi yana zama a gefe a kan allonsa, yana jiran ragowar igiyar da tsofaffi suka raina, yana gaida kowa, yana tsintar shara a bakin ruwa. Baba "Osaka" yake ce masa, kuma a wurin Baba wannan ma karramawa ce.

Ranar Talata igiyar ta zo. Ina baranda da kofin shayi, daga nan ana hango dutsen. Mama tana shanya wanki tana yi min zancen Hidaka, mai kantin magani a cikin gari, wanda ta gama ƙulla magana da uwarsa cewa za mu ci abinci tare.

"Gida hawa biyu gare shi," in ji ta, da abin maƙale wanki a baki. "Kuma ba taya a ƙarƙashin gidan."

"Mama, na taɓa zama da shi fa. Magana yake kamar takardar cikin kwalin magani."

"Ke kuma kamar me? Ai kun dace."

A lokacin ne na hango Baba ya ɗaga hannu a cikin ruwa yana yafito wani daga gefe. Shunpei, da baƙar hularsa, ya taso yana tuƙi da hannu, ya shiga tsakiyar tsofaffi. Na ajiye kofin. Shekara uku, yau an ce ya matso.

Igiyar da aka bar masa ita ce babbar ranar. Ya miƙe, ya gangara, ruwa ya rufe shi. Na daina ganinsa har na fara tunanin ya faɗi. Sai ga shi ya fito ta ɗaya bakin, iskar da kogon ya furzar ta biyo shi ta fizge masa hula.

Daga baranda ban ga abin da ke ƙarƙashin hular ba. Abin da na gani shi ne hannayen tsofaffin nan, waɗanda suka ɗaga suna masa murna, suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Ba a jima ba Baba ya juya allonsa ya nufo gaɓa, a ranar da bai taɓa fita kafin azahar ba.

Waya ta yi ƙara, saƙon Shunpei ne.

"Kanae, kina gida?"

"Na gani," na rubuta.

"Kin ga kogon?"

"Na ga Baba ya fito."

Ya turo hoton kyanwa ta sunkuyar da kai har ƙasa.

"Kyanwa ba za ta cece ka ba. Me ke goshinka?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Daga ƙarshe: "Ina zuwa ta baya."

Ɗakin aikina tsohon ɗakin ajiyar raga ne, har yanzu ƙarnin kifi bai bar katakon ba. Ya shigo da jiƙaƙƙen gashi, gajeren wando da silifa, shatin madaurin kyamara kwance a goshinsa. Ya ajiye min ɗan memori a kan tebur kamar mai ajiye ƙwai.

"Ki cire gaɓar kawai," ya ce. "Ai kin iya. Kin taɓa cire min mutum guda har da karensa."

"Me ya sa ka ɗaura?"

"Kamfani sun ce sun gaji da ganin fuskata."

"Ba su kaɗai ba."

Ya yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Ya zauna a kan akwatin ƙanƙara ya dafe kai.

"Kullum nake sa ta a ƙarƙashin hular, ban taɓa kunnawa ba. Yau da ya ce in matso, hannuna ne ya tafi. Na ce ai Kanae za ta gyara."

Duk masu ɗaukar hoto haka suke. Su yi ɓarna a fili, su ce mai kwamfuta zai gyara.

Na kunna. Ba fuskarsa a ciki, sai numfashinsa da hannayensa suna yankar ruwa. Sai fuskar Baba ta juyo, furfura a jiƙe, ya ce, "Je ka, Osaka." Sai gangara. Rufin ruwa ya taso daga hagu ya rufe sama, komai ya zama kore, ƙara ta koma kamar kana cikin tulu. Can gaba bakin kogon, zagaye, yana matsewa yana buɗewa. A tsakiyar zagayen farar hasumiyarmu ce, a ƙasanta shuɗin rufin gidanmu, har da wankin Mama a kan igiya.

Hasumiyar ba ta bar tsakiya ba har ya fita. Dole, tunda mafita yake kallo.

Na gwada duk abin da na sani. Na matso da hoton, kogon ya tafi. Na shafe hasumiyar, aka bar tabo a daidai inda ido yake zuwa. Na lulluɓe ta da hazo, ya zama kamar na rataya allo cewa ga ɓoyayyen wuri nan, ku nema. Masu hawan ruwa kuwa ba a fi su bin diddigi ba, da siffar tudu kawai sai su gano ka a taswirar waya.

Zan faɗa muku wani abu don kada ku ɗauka a kan abin banza ake rigima. Tun da na fara aikin nan, ba abin da ya taɓa shiga kwamfutata da ya kai wannan kyau.

"Ba ya ciruwa," na ce.

"Ko kaɗan?"

"Ko ka ba su yadda yake, ko ka hana su. Ka gaya musu ne?"

Ya kalli silifansa.

"Tun ina jiƙe na kira su."

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya zage shi. A nan ba a yin haka. Ya gaida Baba Nasu, aminin Babana, tsohon ya ci gaba da wanke jirginsa kamar iska ce ta wuce. Ya koma daga sayen burodi ya tarar an jera kwandunan kifi a inda yake ajiye bas. A gidan wanka na gari kuwa, ya ce yana shiga ruwan zafi mutum huɗu suka tuna suna da aiki a gida.

Ranar Alhamis na samu Baba a tsakar gida yana ɗinkin raga, tabarau a kan hanci.

"Baba, kuskure ya yi."

"Kuskure mantuwa ne. Wanda ya sa hula a kan abu bai manta ba."

"Bai aika wa kowa ba."

"Tukuna."

Ya ja zare ya datse da haƙori. Na ɗauka ya gama, na juya.

"Ni na kira shi," ya ce, bai ɗago ba. "A gaban Nasu na kira shi. Nasu ya ce a ƙara masa shekara, na ce na tsaya masa."

Da yamma Mama ta leƙo ɗakin aikina. "Babanki ya ce ki gaya wa mai motar nan ya zo cin abinci ranar Lahadi. Ya taho da abin." Ta tsaya tana kallon baƙar rigar da nake sawa kullum, wadda wuyanta ya saki tun a Toronto. "Ke kuma ba da wannan tsumman ba."

Ranar Lahadi na tarar ta shimfiɗa min shuɗiyar riga mai dogon hannu a kan gado, wadda ta saya don zaman Hidaka, da 'yan kunnen kakata. Na sa. Kada ku tambaye ni dalili. Ta share ɗakin baƙi har tabarmin yana ƙamshi, ta sauya furen da ke gaban hoton Kaka, ta jera tebur da ɗanyen kifi, soyayyar kaza mai tsami, da miyar miso da kan manyan jatan landen da Baba ya kamo. Duk wannan ga mutumin da ta ce ba ta so. Mama ba ta yarda a ce an wulaƙanta baƙo da yunwa a gidanta ba, ko da korarsa za a yi.

Baba Nasu ya riga shi zuwa, ya zauna kusa da Baba, sun buɗe kwalbar giyar shochu.

Shunpei ya shigo da kwat ta aro. Hannun ya gaza, wuyan hannunsa baƙi ƙirin a waje, ya taje gashi gefe kamar ɗan makaranta ranar hoto. Ya miƙa wa Mama kwalin alewa da hannu biyu, ya durƙusa a bakin tabarma.

"Ashe kana da takalmi, Osaka," in ji Baba Nasu, yana leƙen bakin ƙofa.

"Na aro ne, Nasu-san. Mai shi yana can yana jira a safa."

Ba wanda ya yi dariya. Mama ce kawai ta juya ta gyara kofin da ba abin da ya same shi.

Ya fito da memorin ya ajiye a kan tebur, ya kai goshi ƙasa. Ya ce ya san doka, ya karya, ba shi da hujja. Ban taɓa jin ya gama magana da wuri haka ba.

"Ɗago," in ji Baba. "Ka aika musu?"

"A'a."

"Amma ka gaya musu."

"Na gaya musu."

"Suka ce me?"

"Sun ce in na ba su, aikin shekara biyu ne."

"To me ya hana ka?"

Idonsa ya zo kaina.

"Kada ka kalle ta. Ni na tambaye ka."

"Ina so in ci gaba da ajiye motata a bayan kwata."

"Ashe mota ya zo nema wa aure," in ji Baba Nasu, ya kurɓi abinsa.

Baba ya sa yatsa ya turo memorin gabana.

"Kunna mana."

Ban yi tsammanin wannan ba. Na ɗauka guduma zai nema. Na ɗauko kwamfuta na haɗa da talabijin, Mama ta tsaya a bakin ƙofar kicin da tire a hannu, kamar ba kallo ta tsaya yi ba.

Numfashi, hannaye, fuskar Baba. "Je ka, Osaka." Baba Nasu ya yi gyaran murya. Sai ruwa ya rufe, ɗakin ya zama kore.

Na kalli Baba maimakon talabijin. Sama da shekara arba'in yana shiga kogon nan. Hotunansa na hancin allo suna nan cike da akwati, duk fuskarsa ce a murtuke. Abin da yake gani daga ciki kuwa bai taɓa samun yadda zai nuna wa kowa ba, shi kuma ba mai bayani ba ne. In ya dawo Mama ta ce yaya ruwa, ya ce ba laifi.

Bidiyon ya ƙare.

"Wankina ne can?" in ji Mama.

"Naki ne."

Ta ajiye tiren a ƙasa ta matso ta durƙusa gaban talabijin. "Mayar baya, Kanae." Na mayar. Ta sa yatsa a kan shuɗin rufin. "Ashe ana ganin gidan daga ciki."

"Kullum," in ji Baba. "Shi ake kallo a fita. In ka kalli ruwan ka faɗi."

Mama ta janye yatsanta daga kan rufin. Sai ta miƙe ta ce bari ta kawo shinkafa. Shinkafar tana kan tebur tun ɗazu.

Baba ya sa na sake kunnawa, ya sake sawa. A na ƙarshe har jikinsa yana karkata yana bin igiyar. Baba Nasu ya ce, a hankali, kamar ana cire masa haƙori, "Ka tsaya daidai, yaro. Ƙafarka ta baya ce kawai ta yi gaba da yawa."

"Na gode, Nasu-san."

"Ban yabe ka ba."

Baba ya cire tabarau ya ninke.

"A goge."

Na kai hannu.

"Ba ke ba. Shi."

Shunpei ya taso da gwiwa. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Yatsansa ya tsaya a sama. Ya danna.

"Da wanda kika ajiye a gefe," in ji Baba, ba tare da ya kalle ni ba.

Ni 'yarsa ce, ya san ba na ajiye abu ƙwaya ɗaya. Na buɗe, na goge. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya yi min ciwo fiye da yadda na zata.

Na ɗauka an gama. Baba Nasu ya ajiye kofinsa ya gyara zama, sai na gane abin da ya kawo shi.

"Mun zauna," ya ce. "Wanda ya karya doka a dutsen nan, shekara yake yi a kan tudu. Daga guguwar bana zuwa ta baɗi ba ka hawa allo. Ba nan ba, ba wani wuri ba. In muka ji ka hau ko a kududdufi ne, ka ɗauki motarka. Ba kai aka fara wa ba. Ni ma na yi tawa, kafin a haife ka."

"Me zai ci?" Ni na tambaya. Bakina ne ya riga ni.

"Gwiwata ta lalace," in ji Baba. "Jirgi yana son hannu." Ya juya ga Shunpei. "In shekara ta zagayo kana nan, sai ka sake aro kwat ɗin, ka zo ka yi min maganar da ka sa ta dominta."

Na kalli fuskar Shunpei a kwamfuta awanni da ba zan iya ƙirgawa ba. Na san yadda take in ya ji tsoro, in yana wasa da kyamara, in ruwa ya shiga masa hanci. Wannan ban taɓa ganinta ba.

"Na ji," ya ce. "Yaushe ake fita?"

"Kafin gari ya waye. Ci abinci, miya tana hucewa."

Na raka shi bakin ƙofa da rana ta kusa faɗuwa. Ya zauna a dakali yana fama da takalmin aro.

"Za ka iya?" na ce.

"Ban sani ba. Tun ina ɗan sha biyu ban taɓa wata guda ban shiga ba."

"Ban ce ka yi don ni ba."

"Na sani. Ke ko ruwan sha ba kya roƙa." Ya ɗago yana ƙoƙarin murmushi. "Rigar ta yi miki kyau."

"Ta Hidaka ce."

"To ki ce masa na gode."

Jiya Litinin na sauka kwata da Mama, ita take karɓar kaya ta zuba ƙanƙara. Shunpei yana can cikin takalmin robar Baba da ya matse shi, da wandon roba har ƙirji. Ya miƙo min wayarsa.

"Riƙe min. Babanki ya ce a jirginsa raga kawai ake riƙewa."

Suka fita. Ragowar igiyar tana nan, tana naɗewa a kan dutsen ba kowa a kanta, kuma hanyar jirgin ta bayanta take bi. Na sa ido in ga ko zai juya ya kalla. Ban samu amsa ba, don a daidai wurin ya kife a gefen jirgi yana amai. Mutumin da yake tsayawa a kan katako cikin igiyar da ta fi gidanmu tsawo.

"Na ɗaga zaman Hidaka," in ji Mama tana fasa ƙanƙara. "Ɗagawa na ce, ban ce fasawa ba. Shekara ba kwana biyu ba ce."

Gari ya gama wayewa lokacin da wayar ta yi motsi a aljihuna. Ban buɗe ba, saƙon ne ya hau kan fuskar wayar da kansa. Mutumin kamfani ne. Ya ce sun ji an goge bidiyon, sun fahimta, ba komai. Amma akwai jirgin da suka ɗauka zuwa tsibiran Indonesiya, wata biyu, wuri ɗaya ya rage. Ranar Juma'a ake tashi. Yau suke son amsa. In ba zai je ba za su ba wani, kuma daga nan sai su duba ko akwai sauran aiki a tsakaninsu.

Wuraren nan na san su. Hotunansu ne manne a rufin bas ɗinsa, a daidai inda yake kallo in ya kwanta.

Mama ta ga na daskare, ta leƙo ta kafaɗata. Tana karatu a hankali, leɓenta yana motsi. Ta gama ta koma kan ƙanƙararta.

"Waya takan faɗa ruwa a kwatar nan," ta ce. "Na babanki biyu suka faɗa."

"Mama, ba Hidaka kike so ba?"

"Ni kaya nake jira."

Na tsaya da wayar a hannu, ruwa yana ƙasan ƙafata, kore, mai zurfi. Gogewa sana'ata ce, kuma shekaranjiya ma na goge abin da ya fi wannan. Na yi tunanin abin sosai, ba zan ɓoye muku ba. Sai na ga kaina baɗi war haka, zaune a gefensa a kan tabarma, yana sanye da kwat ɗin aro, ni kaɗai na san dalilin da ya sa yake nan. Ba na son mutumin da ya zauna don bai sani ba.

Jirgin ya dawo rana ta ɗan ɗaga. Shunpei ya yi tsalle ya ɗaure igiya, ɗaurin da Baba ya kalla ya girgiza kai. Fuskarsa ta yi fari fat, ƙayar jatan lande ta tsattsaga masa yatsu, amma bakin yana nan.

"Kanae, kin ga wanda na ciro? Ya kai cinyata. Ya kalle ni na kalle shi, muka gane dukkanmu ba nan muka so kwana ba."

Na miƙa masa wayar, fuskarta a sama.

"Karanta."

Ya goge hannu a wando ya karɓa. Ya karanta. Ya koma farko ya sake. Mama ta daina fasa ƙanƙara.

A bayansa Baba ya ɗago kwandon farko daga cikin jirgi, cike, ruwa yana zuba ta ƙasa, ya miƙo shi ta kan gefen jirgin. Bai san abin da ke cikin wayar ba. Gwiwarsa tana rawa.

"Osaka, karɓi. Ba zan kwana ina riƙe da shi ba."

Kwandon hannu biyu yake so.